Kantar shagon fura da yogot: an haɗa, an ɗora, saura gugar ƙarshe

'Yan uwa masu koyo, ga inda aikin kantar nan ya tsaya. Shago ne na fura da yogot, mai shi yana son doguwar kanta mai lanƙwasa a kusurwa, wadda mutum zai zauna kan kujera mai tsayi ya sha abinsa. Tsayinta daga ƙasa santimita 107, kamar yadda aka saba yi wa irin wannan kanta.

Allon da muka yi amfani da shi irin wanda masu sayarwa ke kira Corian ne, ko da wani kamfani ne ya yi shi. Asalin sunan na DuPont ne, waɗanda suka ƙirƙiro shi a 1967. Ba dutse ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku garin ma'adinin alminiyam ne, sauran kuma robar akirilik. Shi ya sa kayan kafinta ke yanka shi, kuma launinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, ko ya karce sai a goge ya dawo. In za ku saya ku tambaya ko akirilik ne ko foliyesta, domin na biyun ya fi araha amma ya fi saurin tsagewa. Namu kaurinsa milimita 12, faɗi santimita 76, tsawo mita 3.66.

Bangon shagon ba miƙaƙƙe ba ne, don haka ban dogara da tef kaɗai ba. Na yanka siraran falle na filawud na manna su a wurin har suka ɗauki surar bangon, sannan na kwafi surar a kan allon.

Inda na fi daɗewa shi ne haɗin alluna biyu, kuma a ganina nan ne ake gane gwani. Zarto ba ya ba da bakin da zai haɗu ba a gani ba. Sai na jera allunan da ɗan rata a tsakani, na bi da rauta, wato injin askin bakin katako, sau ɗaya ta aske bakunan biyu tare, yadda duk karkatar da ke wannan tana da abokiyarta a wancan. Na goge su da sifirit da farin ƙyalle, ban sake taɓa wurin da hannu ba, domin ɗan dattin yatsa yana fitowa baƙin layi a farin allo, kuma ba ya goguwa. Gam ɗin mai haɗi biyu ne, launinsa daidai da na allon. Zafi yana sa shi saurin kamawa, shi ya sa na yi haɗin da sassafe, na kuma yayyafa ruwa a ƙasa na rufe ƙofa saboda ƙura. Kilam ɗin, wato ƙarfen da ke matse allunan biyu, kada ku matse shi da ƙarfin tsiya. Ku matsa har gam ya tsatso a tsawon layin ku tsaya nan, in kun wuce haka kun kore shi ke nan. A ƙarƙashin haɗin na manna wani falle na allon don ƙarin ƙarfi.

Kusurwar ciki ban bar ta da kaifi ba, na zagaye ta, na kuma kauce da haɗin daga kan kusurwar. Tsagewa daga kusurwa mai kaifi take farawa, kamar yadda yadi ke yagewa daga inda almakashi ya ɗan taɓa.

Bakin gaba na ninka shi da falle biyu don ya yi kauri, rauta ta zagaye shi yadda ba zai ci gwiwar hannu ba.

Wajen ɗorawa, leɓen kantar ya fito santimita 25 don a samu wurin sa ƙafa. Allo mai wannan kauri ba a barinsa ya fito fiye da santimita 15 ba tare da madogara ba, sai mai walda ya yi mana ƙarafa masu kusurwa muka kafa a ƙasa. Ba a ɗaura sukuru a jikin allon. Ɗigon silikon ne nan da can ke riƙe shi a kan firam, domin yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, kuma a garin da ake hunturu a Janairu a shiga zafin Afrilu wannan motsi ba wasa ba ne. Na bar rata milimita 3 tsakaninsa da bango, na cike da silikon. Mai shago ya so a danna shi har jikin bango don kyau, na nuna masa dalili ya yarda.

Guga na kai samfefa lamba 120 da 180. Saura 240 da 320, sannan soso mai laushi, don ba ƙyalli nake so ba. Wurin da kofuna za su yini suna gogawa, ƙyalli tona karce yake yi. Ƙurarsa fara ce mai laushi ƙwarai, ku sa takunkumi. Kafin in miƙa aiki zan yanka masa faifai biyu daga ragowar allon don ɗora butar shayi, saboda gindin tukunya mai zafi yana iya ƙona shi ko ya tsaga shi.