Jana'iza a Amurka: wuri biyu ake biyan kuɗi

Sau biyu ɗawainiyar jana'iza ta faɗo kaina a Amurka, ɗaya binnewa, ɗaya kuma ƙona gawar wani abokin aiki da ya bar wasiyyar haka. Abin da ban sani ba da farko shi ne wuri biyu ake biya: kamfanin jana'iza daban, maƙabarta daban. Dokar da ke kare iyalan mamaci kuwa kamfanin ta fi shafa.

Dokar ta FTC ce, wato hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, ta fara aiki a 1984. Ta wajabta wa kamfani ya miƙa maka rubutaccen jerin farashi da zarar ka shiga ka fara tambaya, ya kuma faɗa maka farashi ta waya ko ba ka faɗi sunanka ba. Kamfani huɗu na kira, aiki iri ɗaya amma kowa da kuɗinsa. A jerin, abu ɗaya ne ba za ka iya ƙi ba, wato kuɗin hidimar ofis: neman izinin binnewa, cike takardu, tuntuɓar maƙabarta. Sauran duk zaɓi ne, ko da an dunƙule su an ce tsari guda ne.

Ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa ta ce a 2023 matsakaicin kuɗin jana'izar da aka yi taron ganin gawa sannan aka binne ya kai dala 8,300, ban da kabari. Abu biyu ke kumbura wannan adadi. Na farko akwatin gawa. Kana iya sayo shi a ko'ina, ko ta intanet, kuma kamfani ba shi da ikon ƙin karɓa ko ɗora maka kuɗin sauke shi. Na biyu aikin zuƙe jini a ɗura maganin hana ruɓewa. Babu jihar da ta ce dole a yi wa kowace gawa haka; idan za a binne da wuri, ɗakin sanyi ya wadatar. A jerin farashin, ka nemi layin da aka rubuta binnewa kai tsaye, shi ne mafi sauƙi.

A maƙabarta na yi kuskure. Na ji kuɗin fili na ɗauka shi ke nan, ashe da saura. Haƙa kabari da rufewa kuɗinsa daban, kuma yakan ƙaru Asabar da Lahadi. Maƙabartu da yawa suna tilasta a sa rufin kankare a kewaye akwati don kada ƙasa ta lotsa idan injin yankan ciyawa ya bi ta kai. Ƙa'idarsu ce, ba dokar jiha ba, kuma akwai kankaren gama-gari mai araha da ba kasafai ake fara nuna maka shi ba. Ga kuɗin dasa allon suna, ga na kula da kabari. Duk a rubuta maka kafin ka sa hannu.

Ƙonawa kai tsaye, ba taro ba magani, ita ce mafi arha ga wanda addininsa ya yarda. Ba a buƙatar akwati, kwali mai kauri ya isa, kuma dole kamfani ya tanade shi. Aikin awa biyu zuwa uku ne a zafin da ya haura digiri 760 na ma'aunin Celsius, tokar babban mutum kilo biyu zuwa uku. A faɗa musu idan mamaci na da na'urar daidaita bugun zuciya, domin batirinta na fashewa a wuta. Abin da ya jinkirta mu sa hannun magada ne: ɗaya ya yi nisa, kuɗin ajiyar gawa kuma kullum yana hawa.

Tallafin gwamnati bai taka kara ya karya ba. Hukumar fansho ta tarayya tana biyan dala 255 sau ɗaya ga miji ko matar mamaci, ko ɗan da ya cancanta, kuma sai an nema cikin shekara biyu. Tsohon soja da ya cancanta kuwa yana samun kabari, haƙawa da allon suna kyauta a maƙabartar sojoji ta ƙasa, don haka a nemo takardar sallamarsa daga aiki tun ranar farko.