Na gama littafin Aristotul na ɗa'a

Jiya da daddare na rufe shafin ƙarshe na littafin Aristotul kan kyawawan halaye, wanda ake kira da sunan Nikomakus. Wata biyu ina tare da shi, don babi 10 ne masu nauyi. Aristotul masanin falsafa ne, mutumin Girka, ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, amma wallahi wasu wuraren kamar da ni yake.

Inda na fi daɗewa babi na 2 ne. Ya ce hali ba a haihuwar mutum da shi, maimaita aiki ne ke dasa shi, kamar yadda magini ke ƙwarewa da yin gini. Sai ya zo kan fushi: kowa na iya fusata, abin wuya shi ne ka fusata da wanda ya dace, gwargwadon da ya dace, a lokacin da ya dace. Sau biyu na ja layi da biro a ƙarƙashinsa.

Da safe wani saƙo ya ɓata min rai. Na rubuta amsa mai zafi, yatsana na kan maɓallin turawa, sai layin nan ya faɗo min. Na goge, na kira wanda ya turo saƙon da yamma muka yi magana.