Kafin Ka Biya Kuɗin Siririyar Kwamfuta, Tambayi Gurbin Ram

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayarwa a Maraɗi sun riga sun yi wa wani aiki a wata ƙasa kafin su iso hannunmu. Wani ofishi a Faransa ko Jamus ko Amurka ne ya saye su sababbi, ya more su na ƴan shekaru, sannan ya sallame su, suka bi hannun dillalai har suka sauka a shagunanmu, wasu ta Yamai, wasu kuma ta Kano da Katsina su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Mai saye a nan kuwa ba don ɗan lokaci yake fitar da kuɗinsa ba. Ɗalibi zai yi karatunsa da ita, ya rubuta kundin kammalawa da ita, ya nemi aiki da ita, daga ƙarshe ya miƙa wa ƙanensa. Saboda haka nake ganin tambayar da ta fi kowace nauyi a gaban mai shago ita ce wadda ba a cika yi ba, wato ko ana iya ƙara wa na'urar ram, ko kuwa an liƙe shi da dalma a jikin babban allonta tun daga masana'anta.

Ram shi ne wurin da kwamfuta take shimfiɗa aikin da take yi a halin yanzu, kamar teburin tela: komai yawan yadin da ke jibge a shago, abin da teburin ya ɗauka shi kaɗai ake iya yankawa a lokaci guda. Idan ram ya cika, sai na'ura ta koma tana kai-kawo tsakaninsa da faifan ajiya, wanda bai kai shi sauri ko kusa ba, kuma daga nan ne nawar da mutane ke kuka da ita take farawa. A da, maganin wannan ba shi da wuya. Ana kwance marfin ƙasa, a ga gurbi ɗaya ko biyu, a cusa sandar ram irin ta SO-DIMM, wadda tsawonta bai wuce santimita 7 ba, a mayar da marfi, shi ke nan. Mai gyara yana gama wannan kafin shayin da ke kan gawayi ya tafasa, kuma na'urar da aka saya da giga 4 takan koma mai giga 8 ko 16 ba tare da an taɓa sauran kayanta ba.

Abin ya fara sauyawa ne a watan Janairun 2008, lokacin da Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na wancan lokaci, ya zaro MacBook Air ta farko daga cikin ambulan a gaban jama'a, da ram ɗinta na giga 2 a liƙe. A 2011 kamfanin Intel ya fito da tsarin Ultrabook don ya sa sauran masu ƙera kwamfuta su bi sahun siranta, kuma suka bi. Daga nan Dell XPS 13 da Lenovo ThinkPad X1 Carbon da ire-irensu suka zama abin sha'awa, dukansu da liƙaƙƙen ram. A watan Nuwamban 2020 Apple ya ƙara gaba da furosesar M1 (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin na'ura), inda ram ya koma zaune a kan faranti ɗaya da furosesar kanta, Intel ma ya yi haka a 2024 da Core Ultra 200V, wadda ke zuwa da giga 16 ko 32, ba ragi ba ƙari.

Ba zan ce masu ƙera waɗannan na'urori ba su da hujja ba, domin suna da ita, kuma wani ɓangarenta ya shafe mu kai tsaye. Gurbin sanda yana cin wuri, a tsaye da kuma a kwance, kuma wurin da aka rage ana iya ba da shi ga batir ko fanka. Amma babban dalilin ya wuce maganar wuri. Irin ram ɗin da aka fi liƙewa, wanda ake kira LPDDR, ɗan'uwan na cikin wayoyin salula ne, an tsara shi don ya sha wuta kaɗan, musamman idan na'ura tana barci. Ga shi kuma yana buƙatar zama dab da furosesa, saboda idan hanyar da saƙo ke bi ta yi tsawo, ko ta ratsa ta haƙoran gurbi, saƙon yakan gurɓace a irin saurin da yake tafiya. Shi ya sa LPDDR5X na cikin Core Ultra 200V yake kai wa musaya miliyan 8533 a daƙiƙa, alhali sandunan DDR5 da aka fi samu a kwamfutocin tafi-da-gidanka suna tsayawa a 5600. Wannan saurin yana amfanar sashen hoto na furosesa ƙwarai, tun da shi ba shi da ram na kansa, daga na na'urar yake ɗiba.

Duk wanda ya zauna a Maraɗi ya san darajar batir mai jimiri. Ba mu manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar, ba a mayar ba sai a Maris na 2024, kuma ko ba wannan ba, lokacin bazara da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Na'urar da za ta kai mutum daga safe zuwa la'asar da caji ɗaya ni'ima ce ga ma'aikacin da ke fita ƙauyukan Dakwaro ko Mayahi tattara bayanai, inda ba lalle ne ya sami wurin caji ba. Haka kuma liƙaƙƙen ram ba ya sassautawa don girgizar babur, ƙurar hunturu kuma ba ta shiga haƙoransa, abin da yakan sa masu gyara cire sanda su goge su mayar kafin wata na'urar ta yarda ta kunnu. Waɗannan fa'idoji ne na gaskiya, ban kuma raina su ba.

Inda nake da ja shi ne a kan wanda ke ɗaukar asarar. Ranar da aka liƙe ram, an yanke wa na'ura iyakarta har abada, kuma wanda ya yanke hukuncin shi ne mai saye na farko, wanda ya san zai rabu da ita bayan ƴan shekaru. Jami'in sayayya na wani kamfani a Turai ya zaɓi giga 8 a 2018 don ya rage kashe kuɗi, ya yi daidai a lokacinsa, amma ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da za ta sayi wannan na'urar yau ita ce za ta zauna da zaɓinsa. Idan a tsangayar aikin gona take, za ta buɗe taswirori a QGIS, ga burauza da shafuka barkatai, ga kundinta a Word, wataƙila ga taro ta Zoom da malamin da ke duba aikinta, kuma giga 8 ɗin nan, wanda sashen hoto ya riga ya gutsuri nasa rabo daga ciki, ba zai ɗauki wannan duka cikin walwala ba. Furosesar lafiyarta ƙalau, gilashin yana da kyau, madannan ba abin da ya same su, amma abu ɗaya da ba a iya sauyawa ya tsufar da na'urar gaba ɗaya.

Manhajoji kuwa ba sa jiran kowa. Windows 11 da ta fito a 2021 ta sa giga 4 a matsayin mafi ƙaranci, amma wannan adadin na kunna na'ura ne kawai, ba na yin aiki cikin daɗi ba. A 2024 Microsoft ya sa giga 16 a matsayin sharaɗin kwamfutocin da yake kira Copilot+, kuma a watan Oktoban shekarar Apple ya ɗaga mafi ƙarancin ram na sababbin Mac ɗinsa zuwa giga 16, bayan ya daɗe yana karɓar dala 200 ta Amurka daga mai son a ɗaga masa daga 8 zuwa 16. Wannan farashin kaɗai ya isa ya nuna cewa liƙewa ba don injiniyanci zalla ake yin ta ba, har da ciniki a ciki, domin wanda ba zai iya ƙarawa gobe ba dole ya biya abin da aka yanka masa yau.

Akwai kuma maganar lalacewa, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Idan sandar ram ta mutu, a cire ta a sa wata. Idan liƙaƙƙen ram ya mutu, babban allon ne gaba ɗaya ya shiga matsala, kuma kuɗin wani allon, idan ma an same shi, yakan kusanci kuɗin na'urar a kasuwar kayan hannu. Na san muna da matasa masu hannu a harkar gyaran waya, waɗanda ke ɗaga ƙananan ƙwayoyi da iska mai zafi su dasa wasu, kuma a ƙa'ida ana iya yi wa kwamfuta haka. Sai dai aikin yana buƙatar ƙwayoyin da suka dace daidai, sau da yawa har da sauya wasu saituna a jikin allon don ya gane sabon adadin, kuskure kaɗan kuma ya ƙone abin da ake son ceta. Wani mai gyara da nake girmamawa a kusa da babbar kasuwa ya taɓa ce wa wani dattijo da ya kawo masa irin wannan na'ura a gabana: “Baba, wallahi ba ƙin aikinka nake ba, amma in na sa mata wuta ba ni da tabbacin za ta sake tashi, gara ka lallaɓa ta haka.” Gaskiya ya faɗa masa, kuma dattijon ya tafi da na'urar da bai daɗe da saye ba, wadda ba za ta taɓa fin yadda take ba. A wasu na'urorin ma, kamar MacBook Pro masu Touch Bar daga 2016, har faifan ajiyar a liƙe yake, ta yadda mutuwar allo takan tafi da takardun mutum.

Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne cewa sunan kamfani ba ya ba da amsa, lambar samfuri ce ke bayarwa. ThinkPad T480 ta 2018 tana da gurbi biyu, har da batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya na cirewa, wanda ya sa har yau nake ganin ta dace da garinmu. T490 da ta gaje ta a 2019 ta zo da rabi liƙe da gurbi ɗaya, T480s ma haka take, X1 Carbon kuwa ba ta da gurbi ko ɗaya. HP EliteBook 840 G5 tana da gurbi biyu, amma ƴar'uwarta EliteBook x360 1030 a liƙe take. Bambancin nauyi tsakanin T480 da X1 Carbon ta shekararta bai wuce wajen rabin kilo ba, kuma ni dai ban ga yadda rabin kilo a cikin jaka zai kai darajar ƙarin shekarun aiki ba, sai fa ga wanda yini yake a kan hanya. A haɗa da duba zamanin furosesar, tun da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zamani na 8 na Intel take farawa, sai ƴan tsiraru daga na 7.

Hanyar dubawa ba ta da wuya. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a shiga sashen ram, a nan ake ganin adadinsa da siffarsa da yawan guraben da aka yi amfani da su. Idan ya nuna SODIMM, akwai alamar sanda. Idan ya nuna jerin ƙwayoyi ne, to a liƙe yake. Amma wannan allon yakan ruɗar da mutum, domin wani lokaci yana lissafa liƙaƙƙun ƙwayoyi a matsayin gurabe, shi ya sa na fi son a nemi mai shago ya kwance marfin a gani da ido. Mai gaskiya ba zai ƙi ba, tun da kusoshi ne ƴan kaɗan. A kuma tuna cewa sandunan ba sa shiga gurbin juna: DDR3 tana da haƙora 204, DDR4 tana da 260, DDR5 kuma 262, tsagar kowacce ma a wurinta daban take. Sanda biyu masu girma ɗaya sun fi sanda ɗaya babba sauri, saboda furosesa tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda.

Masana'antar ma ta fara neman tsaka-tsaki. Dell ya fito da wani shimfiɗaɗɗen faranti mai suna CAMM a 2022, hukumar JEDEC mai tsara ƙa'idojin ram ta amince da CAMM2 a Disamban 2023, sannan a 2024 ThinkPad P1 ta bakwai ta zo da LPCAMM2, wanda ke ɗauke da irin ram ɗin nan mai shan wuta kaɗan amma da kusoshi uku ake ɗaure shi, ana kuma iya kwance shi. Wannan ya nuna cewa ƙarancin shan wuta da damar ƙari suna iya haɗuwa a na'ura ɗaya. Faransa kuma tun Janairun 2021 ta wajabta a nuna makin sauƙin gyara, daga 0 zuwa 10, a kan sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka, kuma tun da kaya da yawa daga can suke fitowa, duba makin samfurin a intanet yana da amfani. Sai dai sababbin farantan nan sai sun gama zamansu a ofisoshin Turai kafin su iso shagunanmu, wanda ke nufin shekaru ne a gaba.

Kafin lokacin, matsayina shi ne wanda kuɗinsa bai kai ba ya ɗauki mai gurbi, ko da ta fi kauri, ya fara da giga 8 ya ƙara idan hali ya samu. Wanda aikinsa ya tilasta masa siririya mai dogon batir ya saye ta, amma kada ya yarda da ƙasa da giga 16, komai kyan fuskarta da sauƙin farashinta. Sababbin nan masu sheƙi da ake kawowa da giga 4 a liƙe da ƙaramar ajiya ta giga 64 kuwa, waɗanda iyaye ke saya wa ƴaƴansu da kyakkyawar niyya don suna cikin kwali, tsohuwar T480 mai gurbi biyu ta fi su amfani nesa ba kusa ba.