Abin da Waƙoƙin Nana Asma'u Suka Koya Mini

A shekarata ta uku a jami'a aka ba mu aikin nazarin rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, sai rabona ya faɗa kan Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. A lokacin ina karatu ne don cin jarrabawa kawai, kuma da wani ya tambaye ni abin da zan yi da ilimin bayan na kammala, da ban sami amsar ba shi ba.

Waƙar da na fara ɗauka ita ce wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin 'yan baitoci. Na karanta ta sau biyu, na rubuta a gefen takarda cewa ba ta da zurfin azanci, na kai wa malamarmu. Ta duba abin da na rubuta, ta miƙo mini takardar, ta ce, "'Yata, kafin ki yanke wa waƙa hukunci, ki fara sanin domin wa aka yi ta."

Na koma na bincika, sai na gane kuskurena. Asma'u ta iya Larabci ƙwarai, kuma da burge masana ne burinta, da ba ta fita daga cikinsa ba. Amma ta yi waƙa da Fulatanci da Hausa saboda matan karkara waɗanda ba su da halin zama gaban malami. Ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji, tana ba kowace malfa da jan rawani, su kuwa suna kawo ɗalibai mata da ake kira 'yan taru daga ƙauyuka su haddace waƙoƙin, sannan su koma gida su koyar da wasu. Ta haka mace takan rera karatunta tana daka ko tana kaɗi, ba tare da ta riƙe takarda ba. Ashe sauƙin nan da na raina, shi ne abin da ta fi wahala a kansa. Ko a waƙoƙin ta'aziyyar da ta yi wa mata, haƙuri da kyauta da sada zumunci take yabo, halayen da kowace mace za ta iya kwaikwaya.

Tun daga nan tambayar malamarmu ta koma kaina: ni domin wa nake karatu? Yau ina koyar da matan aure a ajin yaƙi da jahilci kowace Asabar da Lahadi, kuma idan ina shirya darasi nakan soke duk kalmar da na san na sa ta ne don a ce na iya. Makon jiya wata dattijuwa ta riƙe fensir hannunta yana rawa, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, ta ɗago kai ta ce, "Malama, a ƙaro mini sunan jikata."