Tulsa, inda tsohuwar libarba ta fi sabuwa tsada

Makon jiya na dawo daga Amurka, har yanzu barcina bai koma daidai ba, amma 'yan'uwa sun ishe ni da tambaya a kan hoton da suka gan ni riƙe da wata tsohuwar bindiga. Bari in rubuta kowa ya huta. Suna ne ya kai ni Tulsa, a jihar Oklahoma, inda ƙanena yake aikin injiniya a harkar mai. Labarin jirgi da dogon layin shiga ƙasa ba sai na ɓata muku lokaci da shi ba.

Ƙanen nawa yana da maƙwabci, wani dattijon Bature da ya yi ritaya. Ranar suna ya shigo ya ci naman rago har da neman ƙari, yaji na sa shi hawaye bai fasa ba. Washegari ya ja ni gidansa ya buɗe wata ma'ajiyar ƙarfe, sai ga libarba jere reras, duk na sojojin da, kowace da 'yar takarda ɗaure a jiki mai ɗauke da shekararta da ƙasarta. Gabana ya faɗi. A gida, irin wannan ƙaramar bindiga doka ta ce sai da lasisi daga Shugaban Ƙasa, kuma a 'yan shekarun nan in ka ji an ambaci bindiga a Arewa, to ba labarin alheri ba ne zai biyo baya. Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, nan tarawa suke yi kamar kayan tarihi." Dattijon ya ce ai ban ga komai ba, in shirya ranar Asabar.

Sau biyu a shekara ake cin kasuwar bindigogi ta Wanenmacher, Afrilu da Nuwamba, a filin baje koli na Expo Square, inda wani zabgegen gunkin mai haƙar mai yake tsaye a ƙofa. Tebur fiye da 4,000 ƙarƙashin rufi ɗaya. A bakin ƙofa duk wanda ya zo da bindiga sai an duba babu harsashi, a ɗaure ta da igiyar roba ta yadda ba za ta tashi ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne natsuwar wurin. Tsofaffi da tabarau da 'yar cocila suna leƙa cikin bututun bindiga, mata na tura keken jarirai, ba mai ja maka riga ya ce zo ka saya. Sai dai akwai ƙa'ida: ba a taɓa kaya sai an nemi izini. Wani mai tebur, fuska a murtuke, ya daka wa ƙanena tsawa don kawai ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Ko a Kantin Kwari mai kanti ba zai yi wa baƙo haka ba, zai fara da "sannu da zuwa" tukun.

Dattijon ba ya kallon sababbi ko kaɗan. Webley yake nema, libarbar sojan Ingila da ake ƙerawa a Birmingham. Sojansu sun fara amfani da ita a 1887, aka yi ta sauya samfuri har zuwa Mark VI ta 1915, wadda ta sha yaƙin duniya na farko. Ya nemi izini ya ɗauki ɗaya, ya danna wani maɗauri da babban yatsa, sai ta karye biyu daga sama, wani ɗan ƙarfe ya taso daga tsakiyar gangar mai ramuka shida. Shi ne yake watso kwanson harsasai duka a lokaci guda. Nauyinta ya haura kilo ɗaya, ga zobe a gindi inda soja yake ɗaura igiya ya rataya a wuya, ga tambarin kibiya da ake buga wa kayan gwamnatin Ingila.

Sai ya juya bayan gangar ya nuna mini lambobin da aka shafe rabinsu. Ya ce an aske ta. Bayan yaƙin duniya na biyu an shigo da irin waɗannan Amurka da yawa, harsashinsu na .455 kuma yana wuyar samu, sai dillalai suka riƙa goge bayan gangar don ta ɗauki .45 ACP na Amurka. Matsalar ita ce wannan harsashin ya fi ƙarfin abin da aka gina ta a kai, yana iya fasa ganga a hannun mutum. Mai teburin ya sa wa askakkiyar dala 750, wadda ba a taɓa ba kuma 1,400. Na buga lissafi da naira a waya, na yi shiru.

A nan na gane tsarin farashinsu. Mu in za mu sayar da tsohon abu sai mu wanke, mu goge, mu shafa fenti. Su kuwa gyara shi ke karya daraja. Wadda launinta ya koɗe amma lambobin jikinta duk suka dace da juna ta fi wadda aka sake wa baƙi tana ƙyalli. Ciniki kuma ana yi, amma na marowata. Dattijon ya yi kusan rabin sa'a yana juya wata Nagant ta Rasha, samfurin 1895 mai cin harsashi bakwai, yana kukan cewa shekarun baya dala ɗari yake sayen irinta, ƙarshe dala 25 kacal aka rage masa, ya tafi yana murna. Na ce da ya bar ni da mai kayan.

A wani tebur ne na ga Webley Mark IV, samfurin 1899, gajera mai lanƙwasasshen mariƙi. Mai ita ya ce ta yaƙin Boer ce na Afirka ta Kudu. Na ce masa irinta ce libarbar sojan Ingila a 1903, shekarar da rundunar Lugga ta ci Kano a watan Fabrairu, ta ci Sakkwato a Maris, aka ƙare a Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Igwa da bindigar Maxim ne suka yi ɓarnar, amma wannan ita ce ta ƙugun Baturen da ke ba da umarni. Mutumin bai taɓa jin sunan Kano ba. Ya saurare ni tsaf, sannan ya tambaya ko akwai takardar da za ta nuna tasa ta je can, don hakan zai ɗaga kuɗinta. Na ajiye masa abarsa.

Ranar Lahadi muka je filin harbi. Dokarsu ta hana mai bizar ziyara riƙe bindiga sai in yana da lasisin farauta, don haka tun kafin mu je kasuwar dattijon ya sa aka yankar mini, ni da ban taɓa harbin ko kurciya ba. Aka toshe mini kunne, aka sa mini tabarau, ya maimaita mini sau ba adadi: baki ya kalli gaba, yatsa kar ya kusanci kunama sai an yi saiti. Harsashin Webley da kansa yake ɗurawa a gareji, da albarushi kaɗan don tausaya wa tsohon ƙarfe. Na zaci za ta fizge mini hannu, ashe turi take yi a hankali, harsashin babba ne amma ba shi da gudu. Nagant ce ta wahalshe ni, kunamarta tauri kamar me, domin jan da kake yi shi ne yake tura gangar gaba ta manne da bututu kada hayaƙi ya tsere. Fitar da kwanso kuma ɗaya bayan ɗaya. Sojan da aka ba wannan a fagen daga an cuce shi.

Wadda ta fi burge ni kwaikwayon Colt 1860 ce ƙirar Italiya, samfurin zamanin yaƙin basasar Amurka. A auna albarushi a zuba, a ɗora dalma a danna, rami bayan rami. Da na ja, farin hayaƙi ya turnuƙe mu, warin nan sak na bindigar toka ranar hawan Sallah. Da muka koma gida da ruwan zafi da sabulu ya wanke ta, ya ce in aka bari ta kwana tsatsa za ta ci.

Mun leƙa gidan tarihin J.M. Davis a Claremore, bindigogi fiye da 12,000, ƙafata ta gaji tun ban kai rabi ba. Sanyin Nuwamba ya hana ni sauran yawo. A filin jirgi kofin shayi ɗaya dala biyar, ga shi ko madarar kirki babu.