Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwakwa Ba Ta Jiran Farashi

A makon jiya mun tsaya a inda ƙungiyar da nake yi wa aiki ta tura ni lardin Riyau, a tsibirin Sumatara na ƙasar Indunusiya, don na zauna da ƙananan manoman kwakwar manja. Itacen nan asalinsa na Afirka ta Yamma ne, a 1848 aka fara dasa guda huɗu a Indunusiya, a lambun garin Bogor da ke tsibirin Jaba, amma yau Indunusiya da Malesiya su ke fitar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya.

Kana shiga ƙauyen ka san kuɗi sun ratsa shi. Gidajen bulo, babura a ƙofar gida, yara suna karatu a birni. Dattijon da ya sauke ni yana cikin waɗanda gwamnati ta kwaso daga tsibirin Jaba, aka yanka wa kowa hekta 2 a kewayen gonar kamfani, kamfanin ya dasa musu itatuwa a kan bashi, ana cirewa daga kuɗin girbi. Da kwakwar ya aurar da 'ya'yansa, da ita ya sauke farali, don haka ba ya son a zage ta a gabansa.

Na bi su girbi da sassafe. Ɗansa yana riƙe da lauje a ƙarshen wata doguwar sanda, wuya a ɗage, yana laluben gindin nonon kwakwar a tsakanin ganye masu ƙaya. Fizga ɗaya, sai ka ji tim, nono mai kilo 20 ya dira ƙasa, 'ya'yan sun tarwatse cikin ciyawa. Matarsa ce ke durƙuso tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, domin su suka fi mai. A gonakin kamfanoni ma na ga mata suna wannan tsintar don mazajensu su cika adadin da aka ɗora musu, alhali sunansu ba ya cikin takardar albashi. Har yau abin yana ci mini rai.

Inda gizo ke saƙar shi ne, da zarar an sare nono, dole ya isa matatar manja cikin kwana ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba man ya fara tsami, darajarsa ta faɗi. Ranar kuwa aka kwana ana ruwa, motar ƙungiyar manoma ta kafe a taɓo. Kafin azahar sai ga dillali da sikelinsa, ya faɗi farashin da ya ga dama, ya kuma zaftare wani abu wai kayan ba su nuna sosai ba. Na ce, "Baba, ka ƙi sayarwa mana." Ya dube ni ya ce, "Yaro, mai hatsi yana iya ajiyewa ya jira kasuwa. Ni gobe war haka wannan tarin ya zama shara." Ya karɓi kuɗin.

Haka ta faru ga ƙasar baki ɗaya a watan Afrilun 2022, da gwamnati ta hana fitar da manja waje na kusan mako uku. Rumbunan matatu suka cika, farashin ɗanyar kwakwa ya rikito, manomi kuwa ba shi da halin dakatar da girbi.

Damuwar dattijon ta wuce batun dillali. Itatuwansa sun haura shekara 25, sun yi tsawon da lauje ke kaiwa da ƙyar, amfani yana raguwa. In ya sare ya sake dashe, sai ya yi kusan shekara 3 babu ko sisi, kuma filin da a da ake shuka shinkafa duk kwakwa ta cinye. Maƙwabcinsa ya yi dashen, amma ya sayi iri mai araha a hannun 'yan talla, bai gane na bogi ba ne sai da itatuwan suka fara 'ya'ya. Rigimar da wannan iri ya haddasa a taron manoma, da yadda aka jawo ni ciki, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.