Daga Jidda: kafin a kafa matatar ruwan ƙazanta a bayan gidajenku

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida, musamman mutanen Kano da kewayenta. Bayan gaisuwa da fatan alheri, maganar da ke tafe da ni ba mai daɗin ji ba ce, don ta ruwan masai ce da na kwata, da filin da ke kewaye da inda ake tara su. Amma duk garin da ya bunƙasa sai ya gamu da ita, namu kuwa sun bunƙasa.

Shekaru da dama yawancin unguwannin Jidda ba su da bututun kwashe ƙazanta. Kowane gida da raminsa, in ya cika a kira tanka. A lokacin, ɗaruruwan tankoki kullum suke nufar gabashin gari su juye a wani kwari, har wurin ya zama tafki, wanda ake kira Tafkin Miski, aka tare shi da madatsar ƙasa. Wurin ya fi birnin tudu. Da fari daji ne, sai gari ya yi ta matsawa, aka yanka filaye, mutane suka gina gidaje a gangaren tafkin. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, alhazai na shirin hawan Arfa, aka tafka ruwan sama, ambaliya ta kashe mutum fiye da 100, unguwar Guwaiza ta fi kowacce jin jiki. Madatsar tafkin ba ta ɓalle ba, Allah ya tsare, amma na ƙasa da ita sun yi kwanaki ba barci. Nan ne mutanen gari suka ɗaga murya a jaridu da Facebook. Sarki Abdullahi ya sa a yi bincike, ya ba da umarnin biyan riyal miliyan 1 ga iyalan kowane mamaci, a 2010 kuma kamfanin ruwa na ƙasa ya tsotse tafkin ya ƙafe. Abin da ke ci mini rai shi ne mazauna wurin sun daɗe da sanin haɗarin. Su ke shaƙar warin, su sauro ke ci, amma sai da aka yi jana'iza aka saurare su.

A Riyad kuwa an ga ɗaya fuskar. Kwarin Hanifa, mai tsawon kilomita 120, ya taɓa zama juji da matattarar ruwan ƙazanta. Aka kwashe bolar, aka bi da ruwan ta tsakanin duwatsu da tafkuna inda gansakuka da kifaye ke ƙara tsabtace shi, aka dasa itatuwa a gefe. Yau iyalai na shimfiɗa darduma a wurin da yamma, aikin ma ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake bayarwa kan tsarin gine-gine, a 2010. Ashe maƙwabtaka da irin wannan ruwa ba dole ta zama azaba ba, ya danganta da abin da aka yi da filin.

Sai dai mu Hausawan da ke zaune nan da iƙama ba mu da ta cewa a kan ƙasar da ba tamu ba. In an ce a tashi, sai a naɗe tabarma. Ku kuwa kuna da baki, doka ma ta ba ku. Tun 1992 Najeriya ke da dokar da ta wajabta nazarin illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, kuma ana baje rahoton kwana 21 na aiki domin jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Mu nawa muka taɓa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma muka ce a nuna mana? Rahoton da Turanci yake, mai kauri, sanarwarsa a jaridar da ba ta zuwa unguwa. To, a nemi a bayyana shi da Hausa a ƙofar mai unguwa, a sanar a masallacin Juma'a da rediyo.

Kano na buƙatar matatun ruwan ƙazanta, wannan ba na musu. Ruwan Jakara da na Getsi da ke kwasar dattin gari da na masana'antun Bompai, da wanda majemun Sharaɗa da Challawa ke saki, da shi ake bayin latas da alayyafo da karas a lambunan rani. Ba na ganin laifin manoman nan ko kaɗan. Shi ne ruwan da ba ya yankewa da rani, da shi suke ciyar da iyali. Don haka su ne na farko da ya kamata a zaunar. In aka gina matata, wa zai sami tataccen ruwan? Manomin da ya gaji lambun, ko wani mai kuɗi da zai saye gefen? Ina za a kai laka da dagwalon da aka tace, musamman na majema mai sinadarin kiromiyam? Ta ina iska ke kaɗawa da damina da hunturu? Injiniya na da taswira, amma tsohuwar da ta shekara hamsin a unguwar ta fi shi sanin inda ruwa ke kwanciya in an yi mamako. Shi ya sa nake roƙon kada taron ya zama na maza kaɗai.

Babban tsorona shi ne tazarar da ake bari tsakanin matata da gidaje. Mun ga yadda aka cike kududdufai aka mayar da su filotai, ruwan damina ya rasa hanya ya faɗa ɗakunan mutane. Haka za a yi wa wannan tazarar in ba a tsaya ba. Ku nemi a shata iyakarta a rubuce, a kafa duwatsun awo, a dasa darbejiya ko turare, hakimi da dagaci da ƙungiyar unguwa kowa ya riƙe kwafin takardar. Ku kuma nemi a riƙa gwada ruwan da ke fitowa, a liƙa sakamakon inda kowa zai gani.

Matasanmu da suka karanci kimiyyar muhalli a Jami'ar Bayero, don Allah ku karanta wa iyayenku rahoton in ya fito, ku raka su wurin taron.

Wassalam,
ɗan uwanku mazaunin Jidda